Filin Tambaya da Amsa: Yadda 'Yan Tsanan Toulon Suka Tashi daga Makasa Suka Koma Jarumai

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar sun taru ne a kan jerin finafinan ban tsoro na Amurka mai suna Puppet Master, wanda kamfanin Full Moon na Charles Band ya fara fitarwa a 1989, kuma ya ci gaba da ƙara masa kashi bayan kashi har fiye da shekara talatin.

Tambaya, daga wani makaranci a Zariya: Assalamu alaikum. Malam, na kalli kashi na farko, inda wasu 'yan tsana masu rai suke bin baƙin wani otal suna kashe su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na samu kashi na huɗu, sai na tarar waɗannan 'yan tsanan ne dai suke kare wani saurayi daga aljanu. Shin wani abu na tsallake a tsakani, ko kuwa masu fim ɗin ne suka sauya shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun sun faru, domin ka tsallake kashi na uku wanda shi ne mahaɗar labarin, su kuma masu fim ɗin sun sauya shawara bayan sun ga abin da masu kallo suka fi so.

A kashi na farko, wanda David Schmoeller ya ba da umarni, wani tsoho mai sassaƙa 'yan tsana da ake kira André Toulon yana zaune a wani otal da ke Bodega Bay, a gaɓar tekun Kalifoniya, a shekarar 1939. Ya mallaki wani sirri da aka ce daga tsohuwar Masar ya samo asali, wanda ke sanya rai a abin da ba shi da rai, kuma da ya ga 'yan leƙen asirin Nazi sun cim masa, sai ya ɓoye 'yan tsanansa a cikin bango ya harbe kansa. Bayan shekara hamsin wani mugu mai suna Neil Gallagher ya gano sirrin, shi ne kuma ya tura 'yan tsanan su kashe abokan aikinsa. Sai dai idan ka lura da ƙarshen fim ɗin, za ka ga cewa da ya wulaƙanta ɗaya daga cikinsu, wato Jester mai fuska mai juyawa, sauran sun juya masa baya suka yi masa kisan gilla. Tun daga nan aka dasa tunanin cewa 'yan tsanan ba su da mugunta ta ƙashin kansu, suna bin umarnin wanda ya mallake su ne har zuwa ranar da ya ci amanarsu.

Kashi na uku, wanda David DeCoteau ya ba da umarni a 1991, shi ne ya juya akalar baki ɗaya. Ya koma birnin Berlin a 1941, inda Toulon, wanda Guy Rolfe ya fito a matsayinsa, yake wasan 'yan tsana yana yi wa Hitler ba'a a gaban yara. Wani jami'in 'yan sandan ciki mai suna Kraus ya kashe masa matarsa Elsa, shi kuma ya shiga ɗaukar fansa da 'yan tsanansa, waɗanda fim ɗin ya bayyana cewa rayukan abokansa ne da 'yan Nazi suka kashe suke cikinsu. Da zarar an ba mai kallo wannan bayani, kuma aka kafa masa 'yan Nazi a ɗaya ɓangaren, to babu sauran tambayar wanda zai goya wa baya. Akwai wani tuntuɓe a nan da masu bibiyar jerin suka daɗe suna yi wa kamfanin dariya a kansa, wato mutumin da ya mutu a 1939 a kashi na farko shi ne yake raye da ƙarfinsa a 1941 a kashi na uku.

Kashi na huɗu da ka gani, na 1993, da na biyar da ya biyo shi a 1994, duka Jeff Burr ne ya ba da umarninsu. A cikinsu wani aljani mai suna Sutekh, wanda aka ce daga gare shi aka sace sirrin tun farko, ya turo wasu ƙananan halittu domin su hallaka duk wanda ya kusanci wannan ilimi, shi kuwa saurayin da ka ambata, Rick Myers, masanin kimiyya ne da ya tsinci akwatin 'yan tsanan a otal ɗin.

Dalilin sauyin kuwa, a ganina, na kasuwa ne kafin ya zama na labari. Da wuya ka samu wanda ya kalli kashi na farko yake iya tuna sunan ko mutum biyu daga cikin baƙin otal ɗin, amma kowa yana tuna Blade, mai farar fuska da baƙar malafa da doguwar baƙar riga, wuƙa a hannu ɗaya, ƙugiya a ɗayan. A wancan zamani hotonsa a bangon kaset shi ne yake sa mutum ya miƙa hannu ya ɗauka a shagon haya. Tun da 'yan tsanan ne taurarin, kuma ba sa tsufa, ba sa neman ƙarin kuɗi a kashi na gaba, sai ya zama ya fi riba a mai da su jarumai a riƙa kawo musu sabon abokin gaba. An samu tsawon rai ta wannan hanya, amma an yi asarar tsoro, domin 'yar tsanar da mai kallo ya san tana gefensa ba za ta hana shi barci ba. Shi ya sa na huɗu da na biyar suka fi kama da finafinan faɗa da dodanni fiye da na ban tsoro.

Tambaya, daga wata ɗalibar koyon aikin fim a Kano: Malam, ta yaya suke sa 'yan tsanan motsi alhali a lokacin aikin kwamfuta bai yawaita ba? Kuma me ya sa a finafinan baya-bayan nan motsin ya fi na farkon muni, maimakon ya fi kyau?

Amsa: 'Yar'uwa, kin lura da abin da shi ne tarihin kamfanin gaba ɗaya. Dabaru uku aka fi amfani da su, kuma kowacce da farashinta. Mafi tsada ita ce ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, inda ake gina 'yar tsana a kan ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, a motsa ƙafarta kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsa ta a sake ɗauka, kuma tun da fim yana gudu ne da hoto 24 a daƙiƙa guda, tafiyar daƙiƙa biyar kacal za ta iya cin hoto 120 da yini guda na aiki ko fiye. Gwanin wannan fanni a kamfanin shi ne David Allen, wanda shi ne ma ya ba da umarnin kashi na biyu. Duk inda kika ga 'yar tsana tun daga kai har ƙafa tana takawa a tsakiyar ɗaki, babu abin da ya kare ta, to mafi yawa wannan aikin ne.

Dabara ta biyu ita ce sarrafa su da sanduna da wayoyi, ma'aikata suna ɓoye a ƙarƙashin tebur ko bayan kujera, shi ya sa sau da yawa ake nuna su daga ƙugu zuwa sama kawai. Pinhead, mai ƙaramin kai da manyan hannuwa, idan aka matso da kyamara yana shaƙe wani ko yana naushi, hannuwan mutum ne na gaske ake ɗauka. Ta uku ita ce mafi arha, kuma a wasu wurare ita ce mafi tasiri, wato kada a nuna 'yar tsanar sam. A farkon kashi na ɗaya an saukar da kyamara dab da ƙasa, aka gudu da ita tsakanin ƙafafun baƙi da akwatunansu a harabar otal, ana jin haki da ƙarar ƙananan takalma, sai mai kallo ya ga duniya da idon Blade ba tare da an kashe ko sisi a kan motsa shi ba.

Dalilin lalacewar kuwa shi ne kuɗi. Bayan rushewar kamfaninsa na farko, Empire, a ƙarshen shekarun 1980, Band ya kafa Full Moon ya ƙulla yarjejeniya da Paramount, wanda yake rarraba finafinansa kai tsaye a kaset ba tare da sun bi ta sinima ba. Kashi biyar na farko a wannan zamani aka yi su, kuma ko a lokacin ana tsimi, domin na huɗu da na biyar a zama ɗaya aka ɗauke su da 'yan wasa ɗaya da wuri ɗaya, sannan aka raba su biyu. Wanda ya san kasuwar kaset ta Kano tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990 ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da mu ma an sha ɗaukar labari ɗaya a sayar da shi kashi-kashi, kuma a can ɗin ma, kamar a nan, shagon haya da bangon kaset su ne suke yanke hukunci a wancan zamani.

Da alaƙa da Paramount ta yanke a tsakiyar shekarun 1990, sai abin ya koma iya kuɗinka iya shagalinka. Curse of the Puppet Master na 1998 ya cika da hotunan motsin 'yan tsana da aka yanko daga finafinan baya aka liƙa. Retro Puppet Master na 1999 a Romaniya aka ɗauke shi, inda aiki ya fi arha, a shekarar ce kuma David Allen ya rasu. Abin ya kai maƙura a Puppet Master: The Legacy na 2003, wanda kusan dukansa tsofaffin fitowa ne aka jera, aka ɗinke su da 'yan mintoci na sabuwar ɗauka, aka kuma sayar da shi a matsayin sabon fim. Axis of Evil na 2010 a ƙasar Sin aka ɗauke shi duk da cewa labarin a Amurka yake faruwa, sannan kafin a yi Axis Termination na 2017 sai da kamfanin ya nemi gudummawar masu kallo ta intanet. Idan kina son ki auna kasafin kowane kashi ba tare da kin tambayi kowa ba, ki ƙirga sau nawa aka nuna ƙafafun 'yar tsana suna takawa.

Tambaya, daga wani magidanci a Damagaram: Yarana sun ga hotunan 'yan tsanan a waya suna roƙon in bar su su kalla. Ya dace?

Amsa: Bai dace ba, Alhaji, kada hoton 'yan tsana ya ruɗe ka. Finafinan manya ne, akwai jini da kisa a fili, akwai kuma tsiraici a da yawa daga cikinsu. Ɗaya daga cikin 'yan tsanan tana amayar da matsattsaku a jikin mutum, wani yana da ƙarfe mai juyawa a ka yana huda mutane da shi, wani kuma hannunsa wuta yake fesawa. Wanda ya fi kowanne muni ta wannan fuska shi ne The Littlest Reich na 2018, wanda wani kamfani dabam ya yi, ya kuma mai da Toulon kansa ɗan Nazi.

Tambaya, daga wani makaranci a Kumasi: Guda nawa ne gaba ɗaya, kuma da wanne ya kamata mutum ya fara?

Amsa: Malam, ainihin jerin na Full Moon kashi 11 ne, daga na 1989 zuwa na 2017. Idan aka haɗa da wanda aka yi wa wata tashar talabijin a 2004, inda aka gwabza su da wasu kayan wasan yara masu aljanu, da na 2018 da muka ambata, da guda biyu da aka ware wa 'yar tsana ɗaya-ɗaya, wato na Blade a 2020 da na Doktor Death a 2022, lissafin ya zama 15.

Ba na ba da shawarar a bi su bisa shekarun da labarin ya faru, wato a fara da Retro wanda ya koma birnin Paris a 1902, domin shekarun ba su jitu da juna ba, kuma wanda ya fara da shi zai iya yanke ƙauna tun kafin ya kai ga masu kyau. Ka bi su yadda suka fito, na ɗaya zuwa na biyar. Idan kuwa ɗaya kawai lokacinka zai ɗauka, ka zaɓi na uku, domin shi ne yake da labari mai kai da gindi, da 'yan wasa irin su Guy Rolfe da Richard Lynch da suka ɗauki aikin da muhimmanci, kuma a cikinsa ne aka fara ganin Six Shooter, kaboyi mai hannu shida da bindiga a kowane hannu. The Legacy kuwa za ka iya tsallake shi, tun da kusan duk abin da ke cikinsa za ka riga ka gani a sauran.