Amsa ga jikata a Columbus: dalilin liƙe harafin M

Amaryata, saƙonki ya iso tun daren jiya, sai da ƙaninki ya ƙara mini girman rubutun wayar sannan na iya karanta shi. Kin ce kin wayi gari kin tarar an liƙe duk wani harafin M na allunan jami'arku da jan salatif, kuma da kika fita da mayafi shuɗi mai ratsin ruwan ɗorawa sai ƙawarki ta tare ki a ƙofar aji, wai ki koma ki sauya. Kina tambaya wace irin al'ada ce wannan, kuma baƙo shiga yake yi ko gefe yake ja. Na yi dariya har sai da kakarki ta leƙo. Shekara hamsin da ɗoriya rabona da garin nan, ashe ciwon yana nan.

M ɗin nan na jami'ar Michigan ne, kalar mayafinki kuma tasu ce. Ku 'yan jami'ar Ohio State da ke Columbus ja da ruwan toka ne naku. Duk ƙarshen Nuwamba jami'o'in biyu ke karawa a ƙwallon Amurkawa, wannan mai kama da gwanda da ake runguma a ruga da ita, ba irin wadda yayyenki ke kallo ba.

Amma rigimar ta girmi ƙwallon. A 1835 jihar Ohio da yankin Michigan suka yi jayayya kan wani zirin ƙasa da garin Toledo ke ciki, a bakin tafkin Erie. Kowa ya tara dakaru, aka yi ta cika baki, a ƙarshe jinin da aka zubar bai wuce na wani ɗan doka da aka soka wa 'yar ƙaramar wuƙa ba, shi ma ya warke. Majalisar ƙasa ta bar wa Ohio Toledo, ta rarrashi Michigan da wani yankin daji can arewa, ta zama jiha a 1837. Daga baya aka tono tagulla da ƙarfe a dajin. Har gobe ana musun wanda ya ci riba.

Wasan farko a 1897 aka yi shi a Ann Arbor, garin jami'ar Michigan, Michigan ta ci 34 da nema. Daga nan fa sai abin ya zama na babba da yaro. A 1902 har 86 da nema suka yi mana. Kin ji na ce "mana", to kin san ɓangarena. Sai 1919 Ohio State ta fara ɗanɗana nasara. Da muka buɗe sabon filinmu a 1922, wannan mai siffar kofaton doki da kike wucewa kullum, suka zo har gida suka ci mu 19 da nema a ranar bikin. Da suka buɗe nasu a 1927 suka gayyace mu, suka ƙara mana 21 da nema. Mai irin wannan tarihi ai dole ya riƙe abu a zuci.

A 1934 aka kawo mana koci mai suna Francis Schmidt. Da aka tambaye shi yadda zai yi da Michigan, sai ya ce ai su ma ƙafa ɗaya-ɗaya suke zura wando kamar kowa. Shekara huɗu a jere ya ci su ba su samu ko maki ɗaya ba. Tun daga nan duk ɗan wasan da ya ci Michigan ake ba shi ɗan wandon zinare ƙarami kamar kan sarƙa. In kin ga wata dattijuwa da shi a wuya, to na mijinta ne ko na ɗanta.

Zamanin da na sani da idona shi ne na kocinmu Woody Hayes. Mutum ne mai zafin rai wanda ko sunan Michigan ba ya son furtawa, sai ya ce "waccan makarantar ta arewa". Liƙe M bayanmu aka ƙirƙiro shi, amma daga wannan ɗabi'a tasa ya tsiro. Ga inda labarin ya yi daɗi: kocin da Michigan ta ɗauko a 1969, Bo Schembechler, yaronsa ne. Ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya kuma yi masa mataimaki shekaru. A shekararsa ta farko almajiri ya kayar da malam 24 da 12, ya katse masa nasara 22 da ya jera. Shekara goma suna wannan dambe, Bo ya ci biyar, Woody huɗu, ɗaya canjaras.

Canjaras ɗin nan na 1973 a ɗakin talabijin na masaukin ɗalibai na kalle shi, ina rungume da kofin shayi saboda sanyi. Duk su biyun ba wanda aka ci a shekarar. Aka tashi 10 da 10, ɗakin ya yi tsit kamar gidan makoki, don kowa ya ɗauka Michigan za a tura babban wasan Rose Bowl. Washegari shugabannin wasanni na rukunin jami'o'in da mu da Michigan ke ciki suka kaɗa ƙuri'a, sai ga shi mu aka zaɓa. Abokin ɗakina, wani ɗan manomi da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, ya ɗaga ni sama cak yana ihu, hulata ta faɗa cikin kwandon shara. Bo kuwa bai taɓa yafe wannan ƙuri'a ba. Duk da haka mutanen biyu ba su yanke zumunci ba har Woody ya rasu a 1987. Shi Bo a 2006 ya cika, ana gobe wasa, shekarar da jami'o'in biyu ne na ɗaya da na biyu a ƙasar. Aka yi masa shiru na girmamawa a filinmu kafin a fara, sannan muka ci su 42 da 39.

Shi ya sa ni nake kallon abin kamar wasan Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari. Ba ka tsokanar wanda ka raina, sai wanda ka san tsaranka ne. Har gasar ba da jini jami'o'in biyu ke yi duk shekara kafin wasan, a ga wadda za ta fi tarawa asibitoci. Sai dai namu wasan da dariya yake ƙarewa, nasu wani lokaci yakan zarce. Da can ɗalibai kan faɗa ɗan tafkin nan na Mirror Lake cikin daren sanyi a makon wasa, sai da wani ya rasa ransa a 2015 sannan aka hana. A 2024 kuma da Michigan ta ci 13 da 10 a Columbus, 'yan wasanta suka so kafa tutarsu a tsakiyar fili, aka kaure da faɗa har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa.

To ki shiga, amma da hankalinki. Ki ninke shuɗin mayafin ki ajiye sai bayan wasan ranar Asabar, ki ɗauko jan nan da gwaggonki ta saya miki. In an ba ki salatif ki liƙe M ɗaya, ba laifi. In kin samu tikiti ki je da ƙawayenki, ki san yadda za ki yi da azahar don wasan kan ci awa uku da wani abu, ki sa safa biyu. Da an tashi ki kama hanyar ɗaki, kada ki tsaya inda samari suka sha suka yi tatil. Kakarki na gaishe ki, ta ce wai ki daina ce mata kishiya a waya mutane na ji.