Anti, kyan kwalba ya ba ni kunya a gaban baƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dangin maigidana ne suka zo daga Zariya ana tsakar zafin nan, na ce bari in fita kunyarsu, na shiga wani babban shago a Abuja na kwaso kwalaben abin sha uku don kawai takardar jikinsu ta burge ni, an zana furanni da wata 'yar tsuntsuwa, ga "natural" ɓaro-ɓaro a gaba. Wallahi har na jera kofuna ƙanin maigidan ya juya kwalbar ya ce ai wannan giya ce! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ake gane na kirki ne don Allah?
Mai karatu daga Abuja

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu kin ji, Allah ya kiyaye gaba. Ba ke kaɗai ba ce, kalmar nan ce ta ruɗe ki. A wajen Turawa "natural wine" giyar inabi ce sak, abin da suke nufi an noma inabin ba maganin feshi na zamani, an tsinke da hannu, an bar shi ya tsimu da kansa ba a zuba masa tarkacen sinadarai ba. A Faransa ma tun 2020 suna da tambarinta na musamman. Barasar kuwa tana nan daram, yawanci kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. Kuma masu yin ta galibi ƙananan manoma ne da ke son kwalbarsu ta ja ido a kan kanta, shi ya sa zanen ya fi na kowa kyau, wata ma marfinta irin na lemon kwalba ne, ruwan a gurɓace kamar haɗin gida, to ina za ki gane?

Ki daina kallon fuskar kwalba, juya ta ki nemi ɗan ƙaramin rubutun nan mai "% vol", shi ke nuna yawan barasar da ke ciki. In kin ga 11 ko 12.5 ajiye musu kayansu. Akwai kuma mai "dealcoholised", giya ce aka yi sannan aka zare barasar, wani lokaci ɗan kaɗan na ragewa har 0.5, wannan kam malamai sun yi saɓani, ni dai ba na kai ta gaban surukai. Wanda kike so shi ne ruwan inabi mai gas irin su Chamdor, da ba a taɓa tsima shi ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sukarin ma ki leƙa in akwai dattawa cikin baƙin.

Amma tsakani da Allah, mutanen Zariya a wannan zafin, da zoɓo kika dama musu mai citta da kanumfari da abarba, ya kwana a firij, da har gora za su ce ki zuba musu ta hanya.