Amsa ga Alhajin da 'yarsa ke son neman jami'a ta Early Decision

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya mana su, ya sa wa karatun albarka. Na karanta tambayarka: 'yarka haifaffiyar nan Amurka ce, tana ajin ƙarshe na sakandare a Maryland, ta kafe sai ta nemi wata jami'a mai zaman kanta ta hanyar Early Decision (ED), wato neman gurbi da wuri tare da alkawarin zuwa in an ɗauke ta, saboda an ce mata an fi samun shiga ta nan. Kai kuma tsoronka kada a ɗauke ta kuɗin ya fi ƙarfinka, ga shi an ce maka in an sa hannu babu fita. Ka kuma tambaya ko neman tallafi zai rage mata damar samun gurbi. Yarana sun bi ta wannan hanya, ɗaya da ED, ɗaya ba da ita ba, kuma kusan duk kaka ina zama da wasu iyaye a masallacinmu muna cike waɗannan takardu. Bari in gaya maka abin da na gani.

Kada ka sa hannu a takardar ED sai kai da maman yara kun zauna kun fitar da abin da za ku iya biya a shekara ba tare da cin bashi ba, kun rubuta shi a takarda, kun gaya wa yarinyar, sannan kun ga lissafin ita kanta jami'ar ya zo kusa da shi. In ba haka ba cinikin biri a sama za ka yi. Wasu daga cikin waɗannan makarantu kuɗinsu na shekara, da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, ya haura dala 90,000. Gaskiya ne mai ƙaramin ƙarfi ba wannan kuɗin yake biya ba, amma nawa zai biya? Wannan ita ce tambayar, kuma ana iya samun amsarta tun kafin Nuwamba.

ED alkawari ne. Jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan hanya, yawanci a rufe ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, sakamako ya fito tsakiyar Disamba. Mutum uku ke sa hannu: ɗaliba, uba ko uwa, da malamar da ke ba ɗalibai shawara a sakandarensu. In an ɗauke ta, dole ta janye duk sauran takardun da ta tura wasu wurare. Amma wanda ya ce maka babu fita bai karanta takardar ba. A cikinta an rubuta cewa in ɗalibi ya nemi tallafi, abin da aka ba shi kuma bai isa ya yi karatun ba, ana sakinsa daga alkawarin. Ba wanda zai kai ka kotu. Sai dai ka san me fitar take nufi: gurbin ya tafi ke nan. Ba za ta riƙe shi ta je ta leƙa wasu makarantu ta dawo ba. Yarinya kuma a lokacin ta riga ta sayi rigar makarantar, ta gaya wa ƙawayenta, ta sa a Instagram. Kai ne za ka dube ta a ƙarshen Disamba ka ce ba za a iya ba. Iyaye da yawa a nan suke karaya su ci bashin da ba su shirya masa ba.

Babban abin da ED ke ƙwace maka shi ne kwatance. Wanda ya bi hanyar da kowa ke bi yana samun wasiƙun tallafi a Maris zuwa Afrilu, yana da lokaci har 1 ga Mayu ya zaɓa. Lokacin ɗana, na buga wasiƙun duka na shimfiɗa su a kan teburin cin abinci, da biro ja a hannu. Takardun haraji iri ɗaya muka tura wa kowa, amma tsakanin mafi sauƙi da mafi tsada akwai dubban daloli a kowace shekara. Wata makarantar ma, ba sai na kira suna ba, a ƙasan wasiƙarta an rubuta abin da ya rage mana mu biya sifili ne. Maman yara har ta fara hamdala. Da na bi layi-layi sai ga shi sun cike giɓin da bashin iyaye, wanda ake kira Parent PLUS, sun jera shi tare da kyauta kamar duk abu ɗaya ne. Na soke shi da jan biro, na soke bashin ɗalibi, na soke kuɗin aikin da yaro zai yi a makaranta tunda sai ya yi aikin ake biyansa, sai ga ainihin kuɗin ya fito fili. Mai ED wasiƙa ɗaya ce a hannunsa, ba shi da ta biyu da zai ajiye a gefenta.

To ta yaya za ka san kuɗin tun yanzu? Tun 2011 doka ta tilasta wa duk jami'ar da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya ta sa na'urar lissafi a shafinta, Net Price Calculator. Ka ɗauko takardar harajinka, ka cika da ainihin lambobi, ba da ka ba, ka buga sakamakon ka ajiye da kwanan wata. Zai yi maka amfani daga baya. Ga mai albashi da takardar W-2, wanda shi da matarsa suna tare, lissafin kan zo kusa da gaskiya. Inda yake kuskurewa shi ne irin namu: mai tuƙi ko mai shago da ke aikin kansa, mai gidan haya, ko wanda aure ya rabu. Abin da ka cire a haraji a matsayin kuɗin gudanar da sana'a, wasu jami'o'in sukan mayar da wani ɓangarensa cikin kuɗin shigarka. In kana cikin waɗannan, ka buga waya ofishin tallafinsu a Oktoba, ka faɗa musu halinka, ka tambaye su yadda suke lissafa shi. Suna amsawa, kuma ba ruwan wannan da ɗaukar yarinya.

Takardun neman tallafi guda biyu ne. FAFSA ta gwamnatin tarayya ce, kyauta ake cikawa, ita ke buɗe ƙofar Pell Grant, wato tallafin kyauta na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wadda iyakarta dala 7,395 a 'yan shekarun nan, da bashin gwamnati da tallafin jiha. Bisa al'ada 1 ga Oktoba take buɗewa, ban da shekarar da aka sake mata fasali, wadda sai ƙarshen Disamban 2023 ta fito ta jefa kowa cikin ruɗani, da kuma shekarar da ta biyo baya, wadda ita ma sai Nuwamban 2024 ta buɗe wa kowa. Kai da yarinyar kowa sai ya buɗe asusunsa daban a shafin, ku yi shi da wuri. Ta biyu ita ce CSS Profile ta wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira College Board, kuma ita ce mai nauyi a wurin irin makarantar da 'yarka ke so, domin da ita suke raba kuɗin aljihunsu. Dala 25 ce ga makarantar farko, 16 ga kowace ƙari, amma kyauta ce ga iyalin da ke nan waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 ba. Duka biyun harajin shekara biyu baya suke dubawa, wato mai shiga jami'a a 2026, harajin 2024 ne nata. Ba ka da uzurin jiran sabon haraji.

Abin da ke kayar da mutane shi ne zaton sai an ɗauki yaro sannan a nemi tallafi. A'a. Mai ED tare da takardar neman gurbi yake tura na tallafi, ranar rufewar sau da yawa ɗaya ce ko kwanaki kaɗan ne tsakani, kowace jami'a da tata ranar a shafinta. In ka makara, za a ɗauke ta a Disamba babu wasiƙar kuɗi, ana kuma jiran ku biya kafin alƙalami. Bayan CSS kuma yawanci za a nemi ka ɗora takardun haraji a wani shafi da ake kira IDOC. Saƙon imel ɗin yarinya yake zuwa, ba naka ba, yaran nan kuwa ka san yadda suke da imel. Ka sa ta riƙa buɗe shafinta na jami'ar a gabanka duk mako har kowane layi ya nuna an karɓa.

CSS tana tono sosai. Tana tambayar darajar gidan da kake ciki da abin da ya rage na bashinsa, abin da FAFSA ba ta tambaya. Fili ko gida da ka mallaka a can gida ma dukiya ce, a rubuta, kada a ɓoye. In iyaye sun rabu, jami'o'i da yawa sai ɗayan ma ya cika nasa, in kuma ba a san inda yake ba akwai takardar neman a ɗauke wannan sharaɗi, da shaidar wani kamar limami ko malamar makaranta. Sannan akwai gurbin bayanin yanayi na musamman, wanda mutanenmu ke bari babu komai. Kuɗin da kake tura wa Hajiya duk wata, da na asibiti, da marayun da ke wuyanka, babu layinsu a FAFSA, amma a nan za ka iya rubutawa, da adadi, ka kuma ajiye rasit ɗin turawa. Wasu makarantu suna dubawa, wasu ba sa yi. Rubutawa ba ta cin komai. In kana da wani yaron a jami'a, ka sani tun 2024 lissafin gwamnati ya daina rage wa iyaye saboda haka, amma jami'o'i da dama masu amfani da CSS har yanzu suna ragewa. Ka tambaya.

Batun ko neman tallafi zai cuce ta: ya danganta da makarantar. Akwai waɗanda masu ɗaukar ɗalibai ba sa ganin aljihun iyaye sam, akwai masu dubawa, musamman in an zo kan ɗaliban da ke bakin layi. Kowace tana faɗin nata tsarin. Ko ma wanne ne, in kana buƙata ka nema. Gurbin da ba za ka iya biya ba ba shi da amfani. Ka kuma nemi takardar da ake kira Common Data Set ta makarantar, ka duba sashen H2, za ka ga kashi nawa na buƙatar ɗalibai suke biya. In ba kashi 100 ba ne, ni dai ba zan yi ED a can ba. Maganar an fi shiga ta ED kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai a cikin waɗanda ake ɗauka da wuri akwai 'yan wasan da koci ya riga ya zaɓa da 'ya'yan tsoffin ɗalibai, saboda haka tazarar ba ta kai yadda lambobi ke nunawa ba.

Kada ka manta ka tambayi makarantar ko a cikin kashi 100 ɗin akwai bashi. Ɗalibin shekarar farko gwamnati na ba shi har dala 5,500, kuma bashi ne mai ruwa. Ga wanda ke gudun riba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Princeton ce ta fara cire bashi daga tallafinta a 2001, wasu suka biyo baya. Harvard da MIT sun sanar cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 200,000 ba, in dukiyarsu ba ta wuce misali ba, ba sa biyan kuɗin karatu. Waɗannan biyun ma ba su da ED. MIT tana da Early Action, wadda ake samun amsa da wuri ba tare da alkawari ba. Harvard, Yale, Princeton da Stanford nasu yana hana neman wata mai zaman kanta da wuri, amma ba ya ɗaure mutum, har Mayu kana da zaɓi.

Ko ta yi ED ko ba ta yi ba, ta tura wa Jami'ar Maryland da ke College Park kafin 1 ga Nuwamba. Nasu ba alkawari ba ne, kuma waɗanda suka nema a wannan lokaci su ake fara dubawa wajen sikolashif. Rubuce-rubucen sauran makarantu ma ta gama su kafin Disamba, domin yawancinsu farkon Janairu suke rufewa, yarinyar da aka ƙi ɗauka kuwa ba ta iya rubutu mai kyau a makon. In makarantar da take so tana da ED zagaye na biyu, wanda ake nema a Janairu a ji amsa a Fabrairu, wannan ma ƙarin lokaci ne na yin lissafi.

Na ga wasu a ƙarƙashin tambayarka suna cewa yaransu daga Najeriya ko Nijar za su nema. Ku naku daban ne. Babu FAFSA, kuma yawancin jami'o'i suna duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi. Kaɗan ne ba sa dubawa kuma su biya duk buƙata, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. Kada yaro ya ce ba ya son tallafi don a ɗauke shi da niyyar nema daga baya, makarantu da yawa ba sa yarda baƙo ya dawo ya nema. Ku je cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, akwai ta a Abuja da Legas.

In Allah ya sa an ɗauke ta, Alhaji, kuɗin kuma ya zo sama da abin da ka rubuta, kada ka biya kafin alƙalami, kada ta janye sauran takardun tukuna. Ka rubuta wa ofishin tallafi a ranar, cikin ladabi, ka ce ita ce zaɓinta na farko kuma kuna son ta zo. Ka haɗa da sakamakon na'urar lissafin nan da ka ajiye, da shaidar duk abin da ya canza tun shekarar harajin da suka duba, ko raguwar aiki ko rashin lafiya, ka faɗi adadin da za ka iya. Ka roƙi su ɗaga maka ranar biya har su gama dubawa. Ofisoshin nan suna tafiya hutun ƙarshen shekara 'yan kwanaki bayan fitar sakamako, saboda haka wasiƙar ka rubuta ta tun yanzu ka ajiye, adadin kawai za ka cike a ranar.