Kafin Ka Miƙa Wa Na'ura Ragamar Tankin Kifinka

Tambayoyin wannan karo na masu kiwon kifi da murjani ne a tankin gilashi na ruwan gishiri, waɗanda suka gaji da kunna fitila da gwada zafin ruwa safe da yamma, suke son haɗa 'yar na'urar da za ta ɗauke musu wannan hidima.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tanki mai lita 200. Arduino zan saya, ko ESP32, ko Raspberry Pi? Ko kuwa in haƙura in sayi wadda kamfani ya haɗa?

Wa alaikumus salam, Malam. Duka ukun ƙananan allunan lantarki ne da ake ba umarni su sarrafa wasu kaya. In da kanka za ka rubuta umarnin da na'urar za ta bi, ɗauki ESP32. Arduino Uno ba ta da laifi, koyo a kanta ma ya fi sauƙi, amma ta asalin ba ta zo da WiFi ba, alhali babban amfanin wannan aiki shi ne saƙo ya same ka a waya in wani abu ya lalace kana nesa. ESP32 ta kamfanin Espressif tana da WiFi da Bluetooth a jikinta. Sai dai da volt 3.3 take aiki, Uno kuwa da volt 5, don haka duba kowane ma'auni kafin ka jona shi, kada ka ƙona allon.

Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux, kuma daga katin memori take tashi. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, katin yana iya lalacewa ta ƙi tashi. Abin da ke jan mutane gare ta shi ne manhajar reef-pi, wadda kyauta ce, kuma don wannan aikin aka yi ta. Wanda ba ya son rubuta umarni, nan ya nufa.

Na kamfani, irin su Neptune Apex da GHL ProfiLux, suna da tsada, amma an gwada su a tankunan mutane da yawa kafin su iso gare ka. In kana yawan tafiya, kuma ba ka taɓa liƙa waya da dalma ba, saye ya fi maka. In kuwa ka zaɓi haɗawa, ƙara da agogon DS3231 mai batirinsa don kada lokacin fitila ya rikice bayan ɗaukewar wuta. Sannan ka bar na'urar ta yi makonni tana aunawa tana turo maka rahoto kawai, ba ta kunna komai ba ta kashe komai, har sai ka yarda da abin da take faɗa.

Tambaya: Ni hita ce damuwata. Na sayi ma'aunin zafi DS18B20 da rilei, na rubuta cewa in zafi ya gaza digiri 25 a kunna hita. Akwai sauran abin da ya rage?

Akwai, Malama, kuma ina roƙonki kada ki jona hitar tukuna. Wannan layi guda da kika rubuta yana iya dafa miki tanki.

Ga yadda abin yake. Idan wayar DS18B20 ta cire ko ta tsinke, shiryayyen tarin umarni mai suna DallasTemperature da yawancin mutane ke amfani da shi wajen karanta ma'aunin yana dawo da lamba -127. Na'urarki ba ta san waya ta tsinke ba. Abin da ta gani shi ne -127 ya gaza 25, sai ta kunna hita, kuma ba za ta kashe ba har abada, don lambar ba za ta tashi ba. Akwai kuma 85, lambar da ma'aunin ke bayarwa in an tambaye shi kafin ya gama awon farko. Saboda haka ki rubuta cewa duk lambar da ta fita daga hankali, misali ƙasa da 15 ko sama da 35, a ɗauke ta a matsayin lalacewa, a kashe hita, a turo saƙo. Tanki a ɗaki yana hucewa a hankali, kina da sa'o'i na gyara. Zafi kuwa yana rage iskar oksijin da ke cikin ruwa, kuma murjani ba ya jure shi.

Rilei ma, wato makunnin da na'urar ke kunna hita da kashe ta da shi, ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mai ƙarfe a ciki bakinsa na iya narkewa ya manne, marar ƙarfe mai motsi da ake kira SSR kuma in ya lalace yawanci a kunne yake tsayawa. Maganin wannan ba ya cikin umarni. Ki sayi hita mai nata makashin zafi, ki saita ta digiri ɗaya sama da inda kike so, kamar 26. Na'urarki ce ke tuƙi kullum, ranar da ta gaza hitar ta tsayar da kanta. Ƙananan hita biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ta manne a kunne ƙarfinta bai kai ya yi ɓarna da sauri ba.

Sauran ƙanana ne amma kada ki tsallake su. Ki bar tazara tsakanin kunnawa da kashewa, a kunna a 24.8 a kashe a 25.3, in ba haka ba rilei zai yi ta ƙas-ƙas har ya gaji. Ki sa razista mai ohm 4,700 tsakanin wayar saƙo da ta wuta, ma'aunin ba ya magana daidai sai da ita. Kan ma'aunin da aka ce ƙarfe ne marar tsatsa, a ruwan gishiri yana tsatsa, kuma wayar ciki jan ƙarfe ce, shi kuwa jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande. Ki nemi mai rufin roba, ko ki rufe shi da abin da ruwa ba ya ratsawa. Ki kunna agogon tsaron da ke cikin ESP32, wanda ke sake tayar da ita in ta sandare. Bayan duk wannan, ki zare wayar ma'aunin da hannunki tana cikin aiki, ki tsaya ki ga ko hitar ta mutu.

Tambaya: Ruwa yana raguwa kullum. Makunni mai iyo guda ɗaya ya isa ya riƙa kunna famfon ƙari?

Bai isa ba, ɗan'uwa. Da farko, ruwa ne ke tashi tururi, gishirin yana nan, don haka ruwan ƙari tatacce ne marar gishiri. Ana so gishirin tanki ya tsaya wajen giram 35 a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyi. Yi lissafi da tanki mai lita 200: in famfo ya maƙale ya juye lita 40, gishirin zai sauko wajen 29 cikin ɗan lokaci. Kifi na iya daurewa, murjani da sauran marasa ƙashi su ne ke shan wuya.

Makunni mai iyo kuwa, wato wanda ke bin hawa da saukar ruwa yana kunnawa da kashewa, dodon koɗi yana hawa kansa ya danne shi, gishiri yana bushewa ya riƙe shi. Sa biyu. Na ƙasa shi ke magana da allon. Na sama ka jona shi kai tsaye a wayar famfo mai volt 12, ta yadda in ruwa ya kai gare shi zai yanke wutar ko da allon ya haukace. A cikin umarni ka ƙayyade daƙiƙun da famfo zai yi a kunne, in ya wuce su ya tsaya ya kira ka. Mazubin ruwan ƙarin kada ya fi abin da tankin zai iya shanyewa gaba ɗaya ba tare da asara ba. Bakin tiyo kuma ya kasance sama da matakin ruwan mazubin, kuma kada ya nutse a tanki, in ba haka ba ruwa zai ci gaba da tsiyaya bayan famfo ya mutu.

Tambaya: Ma'aunin pH mai arha da na saya yana ta tsalle. In sake sabo?

Dakata tukuna. pH awon tsamin ruwa ne. Ɗebi ruwan tankin a kofi ka auna. In lambar ta natsu a kofi, ma'aunin lafiya lau yake, wutar da ke yoyo daga famfuna da hita ce ke dagula shi, sai ka nemi allon da ke raba wutarsa da ta sauran kayan, irin wanda Atlas Scientific ke yi. Sashen ESP32 mai karanta irin wannan saƙo shi ma ba ya da daidaito sosai, ƙaramin allon ADS1115 da ake jonawa don wannan aikin ya fi shi nesa. Ka riƙa daidaita ma'aunin da ruwan gwaji na 7 da na 10, kada kuma ka bar kansa ya bushe. Lambar da ke sauka da dare ta hau da rana, tsakanin 7.8 da 8.4, ba matsala ba ce, numfashin tankin ne. Ni dai ban yarda a bar wannan ma'auni shi kaɗai ya umarci famfon sinadari ba, don yana kaucewa a hankali ba tare da ya nuna alama ba.

Tambaya: A ina zan ajiye akwatin na'urar?

Sama da tanki, a gefe, nesa da feshin ruwa. Kabad ɗin ƙarƙashin tanki cike yake da danshin gishiri mai cin dalma da ƙafafun allo. Kowace waya ta sauko ƙasa da soket ta yi lanƙwasa kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Dukkan kayan su bi ta makashin yoyon wuta, RCD mai miliamfa 30 ko GFCI, tun da hannunka na shiga ruwan nan kullum. Ɓangaren wutar gida kuwa, in ba sana'arka ba ce, kira mai gyaran wuta ya haɗa maka shi a akwati dabam mai fis ɗinsa.