An mayar da ni aiki Jos: wane ƙaramin gari ya dace da iyalina?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Ina da mata da yara huɗu, ƙaramarsu tana fama da asma. Ba na son zaman tsakiyar birni, na fi son wani ƙaramin gari a kan tsaunuka mai iska mai kyau, in riƙa zuwa aiki ina dawowa kullum. An ambata mini Pankshin, Vom, Kuru da Bukuru. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa canjin ya zame maka alheri.

Ka fara cire Pankshin daga lissafi. Gari ne mai kyau, amma tsakaninsa da Jos kusan kilomita 120 ne. Ba tafiyar safe da yamma ba ce ga mai iyali.

Bukuru tana kudu da Jos da kimanin kilomita 15, kuma a gaskiya ta daina zama ƙaramin gari, gine-gine sun haɗe ta da Jos. Sai dai tana da babbar kasuwa, da makarantun boko da na Islamiyya, da Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza. Vom da Kuru su ne suka fi kama da abin da kake nema. A Vom ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924, a Kuru kuma akwai cibiyar nazarin manufofi ta NIPSS da aka kafa a 1979. Wurare ne masu shiru, ga duwatsu, ga gonakin dankali da kayan miya. Ƙasar Berom ce.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne yarinyar nan mai asma. Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da maki 10 a ma'aunin Celsius. Mutumin Kano ya san hunturu, amma na Filato daban yake, musamman a fili inda babu gidaje masu kare iska. Sanyi da ƙurar hunturu duk suna tayar da asma. Baƙi da yawa sukan hura gawayi a kasko su shigar ɗaki, su rufe ƙofa da taga don yara su ji ɗumi. Don Allah kada a yi haka a gidanka. Hayaƙin gawayin da ba a gani yana kashe mai lafiya ma yana barci, balle yarinyar da numfashi ke ba wahala. Bargo mai kauri, rigunan sanyi, safa da hula sun isa.

Saboda ita ne nake cewa kada ka auna nisan gari da kilomita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, kuma mai tahowa daga Vom ko Kuru sai ya ratsa Bukuru kafin ya isa. Ka hau mota da kanka ka bi hanyar da sassafe lokacin cunkoso, ka sake bi bayan isha'i. Ka tambayi maƙwabta: in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare, ina suke kai mara lafiya, kuma akwai iskar oksijin a wurin?

Ruwa ma sai ka bincika. Ƙasar dutse ce, rijiyar da ka gani cike a watan Agusta tana iya ƙafewa a Maris. Kada ka tsaya ga maganar mai gidan haya, ka tambayi masu garuwa nawa suke sayar da jarka da rani. Sannan a yankin Bukuru zuwa Barikin Ladi akwai tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa. Gefensu a tsaye yake, suna da zurfi, kuma an sha rasa yara a cikinsu. Gidan da ke kusa da irin wannan tafki, ko da haya ta yi araha, ka bar shi.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun raba unguwanni da yawa bisa addini, kuma kisan da aka yi wa mutane da yawa a ƙauyen Kuru Karama a Janairun 2010 har yanzu ba a manta ba. A shekarun baya-bayan nan ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi, Mangu da Bokkos sun sha hare-hare. Wannan bai hana mutane da yawa zama lafiya da maƙwabtansu ba, ana ciniki tare, ana aiki tare. Amma a Filato unguwa ake zaɓa kafin gari. Ka nemi abokan aikinka na ɓangarorin biyu su gaya maka gaskiya. Ka duba ko uwargida za ta iya zuwa kasuwa, yara su je makaranta, kai ka je masallaci ba tare da fargaba ba. Ka kuma yi tunanin ranar da za a sa dokar hana fita kana ofis su suna gida.

Shawarata, ka kama haya ta shekara guda a gefen Bukuru ko wajen unguwar Rayfield, inda za ka samu sararin da kake so kuma asibiti bai yi nisa ba. Ku ga damina, ku ga hunturu, ka ga yadda ƙirjin yarinyar zai karɓi yanayin. In komai ya tafi daidai, sai ka matsa Vom a hankali. Fili kuwa kada ka yi gaggawar saye. Wasu filayen tsofaffin ramuka ne da aka cike, gini a kansu yakan tsage, don haka ka kai injiniya ya duba ƙasar, ka kuma tantance takardun a ma'aikatar filaye ta jiha kafin ka ba da ko sisi.