Ga ƙanena mai tambaya kan katunan bita, saura sati shida BAC

Ƙanena, ka ce kana Taminal D, ajin ƙarshe na sakandare a sashen kimiyya, saura sati shida jarrabawar BAC, kana tambaya ko katunan bita, masu tambaya a gaba da amsa a baya, za su amfane ka ko lokaci ya ƙure. Bai ƙure ba, amma sai ka rage buri.

Shekarar da na yi tawa a nan Damagaram, na kwashe kayen SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) gaba ɗaya na zuba a Anki, wata manhajar katunan bita, kati wajen 600. Ban san cewa kowane sabon kati bashi ne ba, gobe zai dawo, jibi ma haka. Cikin sati guda na buɗe waya na tarar da ɗaruruwa suna jirana, gabana ya faɗi, na rufe. Ashe ba banza manhajar ta tsayar da sababbi 20 a rana ba, in ba kai ka ƙara ba.

Abin da ya dawo da ni hanya tsangayar unguwarmu ce a Birni. Gardi ba ya ɗaukar sabon karatu sai ya yi tilawar na baya da asuba. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya auna wannan tun 1885: yawancin mantuwa a ranar farko take faruwa, kuma kowace maimaitawa tana rage mata gudu. Don haka tsoho kafin sabo, kullum, ko da zafin Mayu ya hana ka barci.

Da wuta ta riƙa yanke mana, sai na koma tsarin Leitner na akwatuna. Na yayyanka kwalin sukari, na samo gwangwani uku. Na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku sati-sati. Katin da na amsa daidai ya wuce gwangwani na gaba, wanda na kasa kuwa, ko daga ina yake, ya koma na farko. Tambaya ɗaya a gaba, amsa gajera a baya, kuma ka faɗe ta da baki kafin ka juya. Ganin amsa ka ce "ai na sani" shi ke kayar da mutane.

Lissafi da fizik kuwa, kati ƙa'idar kawai zai riƙe maka. Sai ka zauna da takardun BAC na shekarun baya, ka sa agogo, ka yi da hannunka.

Idan saura kwana goma, kada ka ƙara sabon kati ko ɗaya. Fara yau da 15 daga babin da malaminku ya fi nanatawa. Allah ya ba da sa'a.