Shin in saya wa mahaifiyata maganin da ya fi araha?

Tambaya: Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini kullum, kuma kuɗinsa ya fara fin ƙarfinmu. Mai harhaɗa magunguna ya nuna mini wani mai rahusa, ya ce sinadarinsu ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ni kuwa na taso da jin cewa araha ba ta ado. In saya?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ki saya, muddin kin tabbatar da ingancinsa.

Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yakan riƙe haƙƙin mallakarsa na shekara 20, kuma a tsawon wannan lokaci shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Da zarar wa'adin ya cika, sai wasu kamfanoni su sarrafa shi ba tare da sun sake kashe kuɗin bincike ba, daga nan rahusar take fitowa. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin ƙanjamau na shekara guda a kan dala 350, alhali ana sayar da irinsa fiye da dala 10,000.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne shigowar ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Unitaid, wata ƙungiyar kiwon lafiya ta duniya, ta kafa ƙungiyar Medicines Patent Pool a 2010, wadda ke karɓo izini daga masu haƙƙin mallaka ta miƙa wa masana'antu da dama, domin su yi gasar farashi tun kafin wa'adin ya ƙare. Ta wannan hanya maganin ƙanjamau na dolutegravir ya isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Amurka ma, manyan asibitoci da gidauniyoyi ne suka haɗa hannu a 2018 suka kafa Civica, kamfanin samar da magunguna masu rahusa, bayan sun gaji da ƙarancin magunguna da hauhawar farashinsu.

Abin tsoro shi ne jabu, wanda shi ma da araha yake yaudarar mutane. Don haka ki saya a kantin magani mai lasisi, ki duba lambar rajistar hukumar kula da magunguna a jikin kwalin, sannan ki gwada sunan sinadarin da yawan miligiram ɗinsa da na tsohon. Ki sanar da likitanta, a riƙa auna hawan jininta a makonnin farko. Kada tsada ta sa ta riƙa tsallake kwanaki ko raba ƙwaya biyu ba da umarnin likita ba, domin hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki.